Yadda Ake Yi Idan Ɗan Zomon Gida Ya Mutu Farat Ɗaya

Da magariba ka zuba wa ɗan zomo harawa ya ci, ya yi 'yan tsalle-tsallensa, da asuba ka leƙa keji ka tarar da shi a miƙe ya sandare. Abin da aka fi yi a gidajenmu shi ne a kama ƙafarsa a wurga shi bola, a ce wa yaron da ke kuka ya yi shiru, ranar kasuwa za a sayo masa wani. Wanda aka sayo ɗin kuwa sau da yawa ba ya daɗewa yake bin sahun na farko, domin abin da ya kashe na farkon yana nan bai tafi ba, ko a keji, ko a buhun dusa, ko a gonar da ake yanko ciyawa.

Na daɗe ina kiwon zomaye, na binne 'ya'yansu da dama, na kuma zauna da yaran da abin ya shafa. Aiki biyu ne ke gabanka a wannan rana: ceton zomayen da suka rage, da rarrashin mai zomon, ko yaro ne ko kai kanka. Dukansu kuma sun rataya ne a kan gano abin da ya kashe shi. Don haka kada ka yi gaggawar zubar da gawar, kada kuma ka yi gaggawar share keji.

Abu huɗu za ka riƙe game da halittar zomo. A daji kowa farautarsa yake yi, shi ya sa ya saba ɓoye ciwo, har sai ya galabaita kafin ka lura. Ba ya iya yin amai, duk abin da ya haɗiye sai ya bi ta hanjinsa. Cikinsa kuma dole ya riƙa aiki ba tsayawa. Idan ya kai awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, to rayuwarsa na cikin haɗari. Lokacin da ya fi rauni shi ne daga yaye zuwa wata uku da haihuwa, sa'ad da cikinsa ke sauyawa daga nono zuwa ganye.

Kayan da za ka tanada

- Safar hannu ta roba. In babu, ka zura hannunka a leda biyu ka ɗaure a wuyan hannu.
- Baƙar leda mai kauri guda biyu ko uku, tsohon zane mai tsabta, da ƙaramin kwali.
- Waya mai ɗaukar hoto, da takarda da biro.
- Kula, wato akwatin riƙe sanyi, da ƙanƙara, idan za ka kai gawar wajen likita.
- Diga da shebur, ko fartanya, da bulo ko dutse mai nauyi.
- Omo, buroshi, bokiti biyu, Hypo ko Jik, da butar tafasa ruwa.
- Wani kejin na daban da wasu kasake. In babu keji, babban kwando ko kwali mai ƙofofin iska ya wadatar na 'yan kwanaki.

1. Tabbatar ya mutu

Zomon da ya galabaita yakan saki jiki gaba ɗaya, kunnuwansa su yi sanyi ƙalau, ka rantse ya tafi alhali da sauran numfashi. Sa yatsu biyu a ƙirjinsa, daidai bayan ƙafar gaba. Zuciyar zomo tana bugawa da sauri sosai, in yana raye za ka ji ta tana rawa a ƙarƙashin yatsanka. Taɓa gefen idonsa ka ga ko zai ƙifta.

In da rai kuma jikinsa da sanyi, naɗe shi a tawul ka jingina masa gorar ruwan ɗumi. In zafi ne ya kayar da shi, kai shi inuwa ka shafa wa kunnuwansa ruwa mai ɗan sanyi, ban da ruwan ƙanƙara. Kada ka ɗura masa ruwa ko madara a baki yana wannan hali, huhu za su tafi. Daga nan sai wajen likitan dabbobi.

In ya sandare kuwa, magana ta ƙare. Hana yara taɓa shi, ka sa safar hannu.

2. Duba wurin kafin a taɓa komai

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma tsintsiya ɗaya ta isa ta share duk shaidar da kake nema. Ɗauki hoton gawar yadda ka same ta, da hoton kasan keji, da kaskon abinci da na ruwa. Sannan ka rubuta amsar waɗannan tun ba a manta ba:

Shekaranjiya da jiya me ya ci, daga ina aka samo? An buɗe sabon buhun dusa? Wa ya yanko ciyawar, a wace gona? An yi feshin sauro ko an sa maganin ɓera a gidan? An ba shi wani magani? An kawo sabon zomo, ko wani mai kiwo ya shigo ya taɓa su? Ruwa ya ƙare a kasko? Rana ta bugi kejin? An ji motsi ko ƙara da dare?

Ka yi wa yara waɗannan tambayoyi da murya mai sanyi. Da zarar sun ji alamar ana neman mai laifi, ba wanda zai ƙara faɗa maka gaskiya, kuma yaron da ya tsinko wani ganye a bakin kwata ya ba shi shi ne ke riƙe da amsar.

Dubi kashin da ke ƙasa. Na lafiyayyen zomo dunƙulalle ne, busasshe, girmansa ɗaya, kuma da yawa. In ka ga ƙanana masu tauri kaɗan, cikin ya daɗe da tsayawa. In ka ga ruwa-ruwa ko yauƙi, ka ɗebi kaɗan a ƙaramar leda.

3. Ware waɗanda suka rage

Kwashe su zuwa wani keji da wasu kasake, nesa da na farko. Ɗauki ko wace mutuwa ta farat ɗaya a matsayin mai yaɗuwa har sai ka tabbatar ba haka ba ne. Tsayar da duk sabon abincin da kake zargi, ka bar su da busasshiyar harawa mai kyau da ruwa mai tsabta kawai. Kada ka hana su abinci da sunan hutar da ciki, wannan shi ke kashe zomo.

Ɗaga kowanne ka duba ƙarƙashin jela ko da jiƙa, ka taɓa cikin ko ya kumbura ya yi tauri, ka dubi hanci. Wanda ya takure a lungu, ya rufe ido rabi, yana cizon haƙora da ƙarfi, ciwo yake ji, shi za ka fara kaiwa asibiti.

Zomaye suna shaƙuwa da juna. Wanda ya rasa abokin kwanansa yakan daina cin abinci, ya riƙa zagaye keji yana shinshine-shinshine. Idan ka tabbata haɗari ne ya kashe ɗan'uwansa, kamar faɗuwa ko karaya, ka bar shi da gawar na ɗan lokaci ya shinshina, hakan na rage masa nema. In ana zargin cuta ko guba, kada ka yi. Ko ta yaya dai, ka riƙa leƙa kaskonsa da kashinsa safe da yamma har mako biyu.

4. Karanta alamomin da ke jikin gawar

Shimfiɗa leda a waje, ka kwantar da shi a kai, ka duba daga hanci zuwa jela. Ba za ka zama likita da wannan ba, amma za ka san inda za ka dosa.

*Jela a jiƙe da zawo, ciki a kumbure, ƙashin baya ya fito.* Wannan shi ne ya fi kashe 'ya'yan zomo bayan yaye. Sau da yawa koksidiya ce, wadda masu kiwon kaji ke kira koksi, ko da yake irin ta zomo daban ce. Tana yaɗuwa ta kashi, ta fi ƙarfi da damina inda ƙasan keji ke da danshi, kuma uwa na iya ɗauke da ita lafiya lau tana zuba wa 'ya'yanta. Akwai irin da ke kama hanta, in aka buɗe sai a ga fararen ɗigo a jikinta. Sauya abinci kwatsam ma yana kawo irin wannan zawo: ɗan zomon da ya saba da dusa a wajen mai sayarwa, ya zo gida yara suka cika shi da kabeji da latas da karas don murna, kwana biyu cikin ya ɓaci. In ka ga yauƙi fari kamar majina yana fita ta baya, hanjin ne ya toshe, kuma 'yan'uwansa na cikin haɗari.

*Jiki mai ƙiba, ba rama, ba zawo, wataƙila jini ko kumfa a hanci.* Nan ka tashi tsaye. Akwai cutar zubar jini ta zomaye, wadda likitoci ke kira RHD. An fara gano ta a ƙasar Sin a 1984, wani sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, kuma an tabbatar da shigowarta Najeriya a 2020, inda ta yi wa masu kiwo ɓarna a jihar Kwara. Sabon nau'in yana kama har jarirai. Takan kashe ba tare da wata alama ba, wani lokaci zomon ya yi ƙara ɗaya ya wuntsila shi ke nan, kuma ba kullum ake ganin jinin ba. Babbar alamarta ita ce mutuwa a jere: yau ɗaya, gobe uku. Ba ta kama mutum, amma mutum yana ɗaukar ta a takalmi da riga da buhu ya kai wani gida, kuma ƙwayarta tana yin watanni a wuri ba ta mutu ba. Ba ta da magani, sai rigakafi.

*Baki da hanci a jiƙe, an same shi a miƙe da rana tsaka ko da la'asar.* Zafi ne. Zomo ba ya gumi kamar mu, ta kunne yake fitar da zafin jiki. Daga digiri 30 ya fara wahala, 35 na iya kashe shi, alhali da bazara a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ana haura 40. Kejin da aka rufa wa kwano aka jingina da katangar da rana ke duka, ko kaskon ruwan da ya kife tun hantsi, ya isa.

*Miyau yana dalala, an ga yana karkarwa ko shure-shure kafin ya mutu.* Ka yi zargin guba. Ciyawar da aka yanko a gonar da aka yi wa feshi, fiya-fiya ko Sniper da aka fesa a ɗakin da keji yake, shinkafar ɓera, duk suna yi. Cikin tsirrai ka kiyayi tumfafiya, zurma, zaƙami, ganyen dankalin turawa, ganyen tumatir, ɗanyen ganyen rogo, albasa da fiya. Buɗe buhun dusa ka sa hannu can ƙasa ka shinshina. In ta dunƙule ko tana warin ruma, zubar da ita. Dusa da masara da gyaɗa masu fumfuna suna lalata hantar zomo a hankali, kuma shi ya fi kaza rauni a kan wannan.

*An ba shi maganin mutane.* Wannan yana ba ni takaici domin da kyakkyawar niyya ake yi. Zomo ya yi atishawa, sai a fasa kafson Ampiclox ko amoksisilin a zuba masa a ruwa. Irin waɗannan, da linkomaisin da eritromaisin, in aka ba zomo ta baki suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, bayan 'yan kwanaki zawo ya kwashe shi. Haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fifronil, guba ne gare shi.

*Keji a hargitse, gashi a warwatse, ko ƙafafun baya sun saki kafin mutuwa.* Ko dai wani abu ya zo da dare, muzuru, kare, gafiya, tunku ko maciji, ko kuma ya faɗo daga hannu. Firgita kaɗai na iya tsayar da zuciyar ɗan zomo ko da ba a taɓa shi ba. Ƙashinsa kuma ba ƙwari, ƙafafun bayansa ne ke da ƙarfi. In aka ɗaga shi ta kunne ya yi harbi a iska, yana iya karya bayan kansa. Duba fata ko da huda biyu ko kumburi.

In ɗan zomon bai kai wata guda ba aka raba shi da uwarsa, ba sai ka yi dogon bincike ba. Ana sayar da irinsu a kasuwa domin sun fi kyan gani, kuma da yawansu ba sa kai labari ko da wa ya riƙe su.

Akwai kuma wanda za ka duba sama da ƙasa ba ka ga komai ba. Wasu da lahani a zuciya aka haife su.

5. Kai wa likita in da hali

In zomo fiye da ɗaya ya mutu, ko ka ga jini a hanci, ko kana da sauran da yawa, zuwa wajen likitan dabbobi ya zama dole. Sa gawar a leda biyu ka ƙulle, ka ajiye a kula da ƙanƙara a gefe, ka kai cikin awa 24. Sanyaya ta ake so, ba daskarewa ba, domin ƙanƙarewa tana ɓata naman da likita zai duba. Kada ka sa ta a firjin abinci. In babu ƙanƙara, naɗe ledar da jiƙaƙƙen buhu a inuwa ka tafi nan take, domin cikin zomo yana saurin ruɓewa da zafi. Tafi da hotunan, da takardar da ka rubuta, da samfurin kashi da na dusa.

Asibitin dabbobi na gwamnati da ke kusa da kai ya isa a fara. Akwai kuma asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, sannan Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ita ce ake aika wa samfuri in ana zargin annoba. In tafiyar ba ta yiwuwa, tura hotunan ta waya ka yi bayani. Ban ba ka shawarar ka farke gawar da kanka ba in kana zargin cutar zubar jini, domin jinin zai watsa ta a tsakar gida. Ka bar wa likita zaɓen magani da awonsa ga waɗanda suka rage.

6. Zauna da yaron

Ga babba zomo ne na 'yan kuɗi kaɗan. Ga yaron da ya raɗa masa suna, yake tashi da sassafe ya nemo masa ganye kafin makaranta, wataƙila wannan ce mutuwa ta farko da ta taɓa shi. Yadda aka yi da shi a yau zai daɗe yana tunawa.

Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, yana da ƙane da ake yi wa alkunya da Abu Umair, mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ce masa: "Ya Abu Umair, me ɗan tsuntsun nan ya yi?" Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, kuma wasu ruwayoyin sun bayyana cewa tsuntsun mutuwa ya yi, aka ga yaron cikin damuwa. Mafificin halitta bai raina baƙin cikin ƙaramin yaro a kan tsuntsu ba, ya kira shi da alkunyarsa ya tambaye shi. To mu bai kamace mu mu ce "don zomo kake wannan kuka?" ba.

Ka gaya masa da kanka, kafin ya ji a bakin yayyensa. Durƙusa daidai tsayinsa, ka yi magana a fili: "Ɗana, zomonka ya mutu da dare. Na san kana sonsa ƙwarai. Zo mu zauna." Kada ka ce ya yi barci, yaro ƙarami zai tsorata da barci ko ya zauna jiran ya farka. Kada ka ce ya gudu ko an kai shi ƙauye, zai yi ta leƙa lungu-lungu, ranar da ya gane kuwa ya daina yarda da maganarka. Bar shi ya yi kukansa, namiji ne ko mace. Ka ja kunnen manyan yara da masu aikin gida a kan tsokana, musamman irin ta "da mun sani mun yanka mun ci".

Tambayar da ke cin yaro a rai, ko bai furta ba, ita ce ko shi ya kashe shi. Nan ne binciken da ka yi zai yi amfani. In cuta ce, ka ce: "Ciwon ciki ne ya kama shi, irin wanda ke kama ƙananan zomaye, kuma su ba sa nuna ciwo. Ko ni ban gani ba." In kuwa da hannunsa a ciki, ya matse shi ko ya sake shi ya faɗi ko ya manta ruwa, kada ka yi masa ƙarya, kada kuma ka doke shi. Ka ce: "Ba da gangan ka yi ba. Jikin zomo ba shi da ƙwari, ba a koya maka yadda ake riƙe shi ba. Zan koya maka." Kula da dabba a hannun ɗan shekara 6 ko 7 dama nauyin manyan gida ne.

Ɗan ƙasa da shekara 5 zai yi ta maimaita tambaya, yau da gobe da jibi, yaushe zai dawo. Ka riƙa ba shi amsa ɗaya ba tare da gajiya ba. Babba kuma yakan yi shiru ya ce ba komai, sai dare ka ji shi yana shessheƙa. In an yi makonni yaro ba ya ci sosai, ba ya barci, ko ya daina wasa, ka zauna da shi ka ji ko akwai wani abin a ƙasa, in ta kama ka kai shi asibiti.

In kai ne mai zomon, babba da kai, kuma ka ji abin ya tsaya maka a ƙirji, ba abin kunya ba ne. Ka nemi wani mai kiwo ka ba shi labari, shi zai gane. Zuciya za ta yi ta kawo maka "da na sani". Ka ɗauki takardar nan da ka rubuta ka fitar da abu ɗaya ko biyu da za ka gyara, saura ka bar wa Allah, domin dabbar da ke ɓoye ciwonta tana kuɓuce wa har ƙwararru.

7. Binne shi

Mushe ne, ba a ci, ba a kuma jefa wa kare ko mage. Wanda aka yi saurin yankawa yana gargara ma, in ana zargin guba ko an ɗura masa magani, kada a ci. Jefawa a bola ko kwata yana kai cutar gidan maƙwabci ta bakin ƙuda da karnuka.

Zaɓi wuri nesa da rijiya da hanyar ruwa, aƙalla taku 30. Haƙa rami mai zurfin kusan mita guda, wato ya kai maka kwankwaso. Rami marar zurfi kare zai tone a daren. Naɗe gawar a tsohon zane, ka sa, ka haɗa da shimfiɗar kejin da ragowar abincinsa, ka mayar da ƙasa ka taka sosai, ka ɗora bulo. In gidan haya ne ko an yi wa tsakar gida siminti, nemi fili a bayan gari. In ƙasa ta yi tauri da rani, zuba ruwa ka jira ta jiƙu. In ana zargin annoba, ƙonewa ƙurmus kafin binnewa ya fi.

Ba a yi wa dabba sallah ko wani biki. Amma ka bar yaron ya zo in yana so, ya zaɓi zanen, ya zuba ƙasar farko da hannunsa. In ya ce ba zai iya gani ba, kada ka tilasta shi. Ka nuna masa wurin daga baya. Kowa ya wanke hannu da sabulu.

8. Wanke keji

Kankare kashi da gashi tukuna, ka wanke da Omo da buroshi, domin Hypo ba ya aiki a kan datti. Sannan ka haɗa gwangwani 1 na Hypo da gwangwani 9 na ruwa, haɗin ranar, ka jiƙa ko'ina ka bar shi minti 10, ka ɗauraye sosai, ka shanya a rana. Kada ka gauraya shi da wani maganin wanke bayi, hayaƙin yana illa. Takalmin da ka shiga da shi ma ka tsoma, kayan jikinka ka wanke.

Hypo ba ya kashe ƙwan koksidiya yadda ya kamata. In zawo ne ya yi kisan, ka kwarara tafasasshen ruwa a kan waya da kasake, ko ka bi wayar da harshen wuta, sannan rana ta gasa shi kwana biyu ko uku. Kaskon ƙasa da tsohon katako suna shan datti. In annoba ce, fasa kaskon, ƙona katakon. Masu kiwo a ɗakin ƙasa inda zomaye ke haƙa rami su kwashe su, su kankare saman ƙasar su binne, su baza kara su ƙona a wurin, su bar ɗakin a buɗe ya bushe. In an tabbatar cutar zubar jini ce, kada zomo ya sake shiga wurin sai bayan wata uku aƙalla, kada kuma ka sayar ko ka ba da kyautar waɗanda suka tsira, kuma ka sanar da maƙwabta masu kiwo.

9. Kawo wani zomon

Kada ka kawo shi a makon. Keji bai gama tsarkaka ba, yaron ma bai gama da na farkon ba, kuma zai yi ta gwada su yana ganin sabon bai kai ba. Jira har shi da kansa ya tambaya.

In lokacin ya yi, sayi wanda ya kai mako 8, a hannun mai kiwon da za ka je gidansa ka ga uwar da tsabtar wurin. Duba ido ya zama garau, hanci a bushe, ƙarƙashin jela tsaf, cikin kunne ba ɓawo. Karɓo ɗan abincin da ya saba ci, ka ci gaba da ba shi, kana sauyawa kaɗan-kaɗan cikin mako biyu. Harawar gyaɗa ko ta wake da busasshiyar ciyawa su zama mafi yawan cimarsa, dusa kaɗan, ɗanyen ganye kuwa iri ɗaya a lokaci guda, a wanke a bari ya sha iska. In akwai wasu zomaye a gidan, ware baƙon wata guda kafin ka haɗa su, ka kuma tambayi likita batun rigakafi.

Mayar da keji inuwa mai iska, a ɗage daga ƙasa, da waya mai ƙananan ido. Da bazara ka rataya jiƙaƙƙen buhu a gefe, ka sa ruwa a kasko biyu masu nauyi da ba za su kife ba. Kwashe kashi kullum, domin ƙwan koksidiya sai ya kwana ɗaya ko biyu a waje kafin ya iya kama wani. Koya wa yaron ɗaukar zomo yana zaune a ƙasa, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi, ban da kunne. Ka kuma ba shi aikin leƙa kasko da ƙasan keji kowace safiya, da sharaɗin cewa ranar da ya ga abinci bai ragu ba ko kashi ya yi kaɗan, ya zo ya gaya maka kafin ya tafi makaranta.